Littafin Tafiyar Jirginmu a Tsibiran Bijagos, Janairun 2024

Talata, 9 ga Janairu, Bisau

An gama takardu yau da la'asar: kwastan, jami'an shige da fice, sai ofishin tashar jiragen ruwa. Kuɗin nan Gini Bisau sefa ce, irin ta Nijar, saboda haka lissafin kasuwa bai ba ni wuya ba. Mu uku ne a jirgin: Kyaftin mai jirgin, makanikenmu ɗan Senegal, sai ni da aka danƙa wa littafin awon zurfi. Aikin da muka ɗauko shi ne mu bi ta tsibiran Bolama da Bubake da Orango har Juwan Biyera, muna rubuta zurfin kowace mashiga da sa'ar da muka auna ta, don wanda zai biyo bayanmu ya samu abin dafawa.

Jirgin na alminiyum ne, tsawonsa mita 12. Yana da allon ƙarfe a gindi wanda ake saukarwa a kuma ɗaga. In an sauke shi jirgin na buƙatar ruwa mita 2.2, in an ɗaga kuwa mita 1 ta ishe shi. Ba don wannan allon ba, da ban yarda na shigo ruwan nan ba.

Mun saki anga tsakanin gari da ɗan tsibirin da ke fuskantarsa. Da hantsi ruwa yana lasar bakin gadar Pinjigiti, inda aka harbe ma'aikatan tasha masu yajin aiki a 1959. Kafin la'asar sai ga kwalekwale da manyan jiragen kamun kifi duk kwance a taɓo, mutane na sauka da tsani. A Bisau tsakanin cikar ruwa da janyewarsa yakan haura mita 5, kuma babu ƙasar da ta kai wannan a duk gaɓar Afirka ta Yamma. Dalili kuwa, teku ba shi da zurfi har nesa da gaɓa, bakin kogin Jeba kuma buɗe yake daga waje yana tsukewa ciki, sai ruwan da ya taho ya rasa wurin bazuwa ya hau sama. Launinsa kamar koko. Ko hannunka ka tsoma zuwa gwiwa ba za ka ga yatsunka ba, don haka zancen duba ƙasan ruwa da ido, yadda ake yi a tsibiran da ruwansu yake garau, bai taso ba.

Alhamis, 11 ga Janairu, Bolama

Mun ɗaga anga saura kamar sa'a ɗaya ruwa ya cika. Makanike ya so a bari sai ranar Lahadi, ya ce lokacin ruwa ya fi yawa. Gaskiya ne, amma Kyaftin ya ƙi, ni ma ina bayansa. Yau aka haifi wata, ruwan gobe zai fi na yau, na jibi ya fi na gobe. In muka kafe a tudun yashi yau, cikar da ke tafe za ta ɗaga mu. Wanda ya kafe a ranar da ruwa ya kai ƙarshen hawansa, kuma a daidai kan cikar, to ya shirya zaman mako 2 a kan yashi, don kowace cika da za ta zo bayan nan ƙasa da wadda ta ajiye shi take.

Wurin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kusa da tsibirin Arkas. Taswirar da ke kwamfutar jirgi ta samo asali ne daga awon da Turawan Fotugal suka yi kafin ƙasar ta samu 'yancin kai, yashi kuwa bai zauna jiransu ba. Inda ta nuna rami mun tarar da ruwa mita 2.6 kawai, ga shi a kan cika. Na tsaya a goshin jirgi da igiyar dalma ina jefawa ina kira, Kyaftin ya rage gudu, muka karkata dama kaɗan kaɗan har na'urar awon zurfi ta koma nuna mita 4, sannan 6.

Bolama ta taɓa zuciyata. Ita ce babban birnin mulkin Fotugal a nan daga 1879 har 1941 da aka mayar da shi Bisau. Ingila ma ta yi da'awar tsibirin nata ne, sai da shugaban Amurka Ulysses Grant ya raba gardama a 1870, ya ba Fotugal. Yanzu manyan gine-ginen gwamnati masu ginshiƙai rufinsu ya zube, itatuwa sun tsiro ta tagogi, awaki na kiwo a harabar. Kusa da tasha akwai dutsen tunawa da matuƙan jiragen saman Italiya da suka mutu a nan a Janairun 1931, suna shirin tsallaka teku zuwa Brazil. Mutanen garin suna da kirki ƙwarai, wata dattijuwa ta ƙi karɓar kuɗin lemon tsamin da ta ba mu.

Asabar, 13 ga Janairu

Jiya da magariba muka ga jinjirin wata, yau 1 ga Rajab. Duk wanda ya taso yana lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin ilimin ruwan nan. Babban ruwa yana zuwa ne farkon wata da kuma 15 zuwa 16, lokacin da rana da wata suke jan teku a layi ɗaya. Wajen 8 da 23 ga wata kuwa jan nasu ya saɓa, ruwa ba ya hawa sosai, ba ya kuma janyewa sosai. Daga cika zuwa cika sa'a 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke ja baya da kusan minti 50. Wannan karon wata yana kusa da duniya, don haka ruwan ya fi na kullum ƙarfi.

Ba mu motsa ba. Da yamma da ruwa ya gama janyewa na hau saman tsohuwar gada da tabarau mai jawo nesa, na zana abin da na gani a takarda. Wurin da da rana shimfiɗar ruwa ce ɗaya har iyakar gani, yanzu ya zama tuddai da kwazazzabai, ga ainihin hanyar tana lanƙwasa a tsakaninsu. Abin da na gani cikin rabin sa'a ya fi abin da taswira ta gaya mini tun Bisau.

Da dare gari ya taru gaban talabijin, Gini Bisau ce ta buɗe gasar cin kofin Afirka da mai masaukin baƙi Kwaddibuwa. An ci su 2 ba ko ɗaya. Mun taya su jimami.

Litinin, 15 ga Janairu, Bubake

Daga yau ruwa ya fara raguwa, saboda haka doka ta canza: ba ma taka wuri mai ƙarancin zurfi sai ruwa yana hawa.

Ga lissafin da na yi da asuba. Ruwa ba ya hawa daidai wa daida cikin sa'o'insa 6. In ka raba dukan hawan kashi 12, sa'ar farko kashi 1 yake kawowa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Jadawalin cika da janyewar ruwa ya nuna hawan yau mita 4.2, kowane kashi santimita 35 ke nan. Tudun da za mu tsallaka kafin tsibirin Galinyas yana fitowa fili da kusan rabin mita in ruwa ya janye. Muna son mita 1 na jirgi, da rarar rabin mita, ga rabin mitar tudun kansa: mita 2 cif. Bayan sa'a 3 an samu kashi 6, wato mita 2.1. Nan muka tsayar da lokacin isarmu. A sa'a ta uku da ta huɗu ruwa na hawa fiye da mita guda kowace sa'a, ko an ɗan kafe, kafin ka gama shan shayi ya ɗaga ka.

Haka kuwa aka yi. Na'ura na nuna 1.6, 1.3, sai muka ji gindin jirgi ya goga a hankali ya tsaya. Yashi ne mai laushi, ba ƙara. Kyaftin ya cire giya, na zagaya jirgin da gora ina tokarawa, na samu zurfi ya fi ta hagu. Bayan minti 10 jirgin ya yi motsi da kansa. Na rubuta wurin da sa'ar. Tudun ya miƙo kudu fiye da yadda aka zana shi.

Hazon hunturu ya biyo mu har nan, wannan ƙurar dai da ke rufe Kano da Damagaram. Tsibiran Bijagos 88 ne, kusan 20 kawai ake zaune a kai dindindin, kuma duk a kwance suke, babu dutse ko tudu mai tsayi da za ka riƙe alama. A cikin hazo sai ka ga baƙin zare a nesa, ba ka san ko Galinyas ce ko Soga ba sai kamfas ya gaya maka.

Mun kwana a mashigar da ke tsakanin Bubake da Rubane. Ruwa na gudu a nan kamar kilomita 6 a sa'a. Mun saki anga ruwa na kusa da cika, zurfi mita 8, da tsayin goshin jirgi ya zama 9, muka ba shi sarƙa mita 45. Wanda ya zo a janyewar ruwa ya ga mita 4 ya saki sarƙa daidai da haka, tsakar dare angarsa za ta tashi. Duk sa'a 6 jirgin na juyawa gaba ɗaya. Na yi sallar magariba ina fuskantar goshinsa, da asuba alƙibla ta koma ta bayansa. Yanzu kamfas nake ajiyewa a kan darduma.

Laraba, 17 ga Janairu

Da ɗan gari akan ci gari. Wani mai shago Bafulatani ya haɗa mu da wani dattijo masunci ɗan tsibirin Kanyabake, ya yarda zai raka mu Orango. Kiriyol yake ji da harshensu na Bijago, makanike ne tafinta.

Na shimfiɗa masa taswira, ya kalle ta ya ture gefe. Ya ɗauko tsinke ya zana hanyar a ƙasa, yana faɗin sunan kowane tudu, da wanda ya tsufa, da wanda damina biyu da suka wuce babu shi. Na ce, "Baba, ruwan da ba a ganin ƙasansa, da me kuke gane hanya?" Ya ce, "Ɗana, fuskarsa ake dubawa." Ya ɗauke ni a kwalekwalensa muka fita. Ya nuna mini wani dogon layin kumfa da ganyaye, ya ce nan ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, bakin rami ke nan. Inda ruwa ya yi ƙananan ƙuraje alhali ba iska, tudu ne a ƙasa. Inda ya yi sumul yana murɗawa, zurfi ne. Zalɓe a tsaye tsakiyar ruwa kuwa ba sai an faɗa ba. A lanƙwasa zurfi na bayan gwiwa ne, yashi na taruwa ta ciki. Wannan na ƙarshen na san shi tun ina yaro wajen Sarkawan Yawuri, sai dai kogin Kwara hanya ɗaya yake bi, wannan kuwa sau 4 yake juyawa a yini da kwana, kowane juyi da tasa fuskar.

Ya kuma ja mana kunne. Akwai tsibirai da dazuzzukan da mutanen nan suke tsarkakewa, ba a kwana, ba a sare itace, ba a zubar da jini, wasu ma baƙo ba ya taka su. Addinina daban da nasu, amma ƙasarsu ce, kuma na ga amfanin abin da idona: inda aka hana taɓawa nan kifi da tsuntsu suka fi yawa. Tun 1996 UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren da ake kare halittunsu, amma masu wurin sun riga ta.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na samu Juma'a a masallacin Bubake, yawanci Fulani da Mandinka 'yan kasuwa. Mun sayi shinkafa, manja, da gas jarka 4, makanike ya tace shi da ƙyalle kafin ya zuba. Ƙaramin ruwa ake ciki, gudunsa ya ragu da rabi. Lokaci ne mai kyau na bin doguwar mashiga, amma ba na tsallaka tudu ba, don cikar ba ta kai ta rufe shi sosai.

Lahadi, 21 ga Janairu, Orango

Wannan ce ranar da na fi jin daɗin aikinta. Mun tsaya a bakin wani rafi da ke shiga cikin tarafe, itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje. Baba ya ce a ciki akwai rami mai kyau da jirgi zai kwana ba tare da iska ta dame shi ba, amma ƙofar tana da yashi. Da azahar ruwa ya gama janyewa, muka sauka a ƙaramin kwalekwalen roba ni da shi, da gora da sanduna 6 da waya mai nuna wuri.

Ƙofar ba inda ido ke zato take ba. Tsakiyar rafin, inda kowa zai nufa, busasshen yashi ne har da sawun tsuntsaye. Hanyar ta manne da gefen dama, faɗinta bai wuce mita 8 ba, ruwa iya gwiwa, sannan ta yanke ta koma hagu a gindin wata busasshiyar bishiya. Muka sauka muna tafiya a ciki. Baba ya ce in riƙa jan ƙafa a ƙasa kada in ɗaga, saboda wani kifi mai faɗi da ke binne kansa a yashi, yana da ƙaya mai dafi a wutsiya. In ka ja ƙafa ya ji ka ya gudu, in ka taka shi ya soke ka. Biyu suka tashi a gabana, suka bar gurbinsu a yashi. Muka kafa sandunan a bakin hanya ta dama, kowace na ɗaura mata tsumma, na ɗauki lambar wurinta, na auna ruwan da ya rage: santimita 40, 55, 40, 70.

Can gaba mata ne sun fi 20, sun duƙa da kwanduna suna tonon kumba da cokali. Tsuntsaye kuwa dubbai, ƙanana masu dogon baki, waɗanda ke gudo sanyin Turai su yi hunturu a nan. Matan ba su da agogo, amma lokaci guda suka miƙe suka aza kaya suka nufi tudu. Na waiwaya, ashe ruwa ya juyo, yana shigowa ta kwazazzaban bayansu. Mai tafiya a irin wannan fili ta bayansa ruwa ke tare shi.

Da la'asar sakaliya, sa'a 3 da rabi bayan juyawar, muka shigo da jirgin, allo a ɗage. Sandunanmu kawunansu kawai suka rage. Mafi ƙarancin abin da na'ura ta nuna 1.7. A ciki mita 5, ruwa lumui. Da safe muka tumɓuke sandunan, kada su rikita wani.

Talata, 23 ga Janairu

Orango gandun daji ne na ƙasa tun 2000, ba a yawo sai da ɗan rakiya daga ma'aikatansa. Ya kai mu tafkin Anor, tafiyar ƙafa cikin ciyawa da kwakwar manja, muka ga dorinai. Su ne masu shiga ruwan gishiri, har su yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ya ce akwai ayu ma a rafukan nan. A Etikoga aka nuna mana makwancin sarauniya Okinka Pampa, wadda ta tsaya wa mutanenta a gaban Turawan Fotugal har ta rasu a 1930.

Jiya Najeriya ta ci Gini Bisau 1 da nema, a rediyon Baba muka ji. Ya ce, "Ɗana, ku kun ci ƙwallo, yau kai za ka dafa shayi." Na dafa.

Alhamis, 25 ga Janairu

Yau da gangan muka kwantar da jirgin. Gudunsa ya ragu, farfela kuma tana wani kaɗawa. Jiya na taka wurin da ƙafata a janyewar ruwa: yashi mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba dutse ba kututture. Ba mu hau a kan cika ba, sai da ruwa ya yi sa'a ɗaya da rabi yana sauka, don mu tabbata cikar dare za ta haura inda ya ajiye mu. Mun kai anga ɗaya baya can cikin zurfi, wadda za mu ja kanmu da ita.

Ya zauna daram. Muka kankare ƙananan kumba da gansakuka, makanike ya warware zaren kamun kifi da ya naɗe a bayan farfela har ya fara cin roba, ya canza dunƙulen ƙarfen da ake ɗaurawa don gishiri ya ci shi maimakon jikin jirgi. Tsohon ya cinye fiye da rabi. Da magariba wasu ƙananan ƙwari masu cizo suka fito daga yashi, sai da muka shige ciki muka rufe ko'ina. Wajen ƙarfe 9 da rabi na dare ruwa ya ɗaga mu.

Wata ya cika yau, amma babban ruwan wannan karon bai kai na farkon wata ba, don yanzu watan ya yi nesa da duniya. Alamar da wancan ya bari a jikin tarafe tana sama da ta yau da fiye da taƙi guda.

Asabar, 27 ga Janairu, Juwan Biyera

Mun sauke Baba a Kanyabake, Kyaftin ya biya shi abin da aka yi alkawari ya ƙara masa igiya sabuwa. Daga nan muka sauke allo, muka buɗe zanen iska, iskar arewa ta kawo mu. Ruwan nan ya fi haske, har ana ganin inuwar tudu, sai dai igiyar babban teku na shigowa, jirgi na rangaji duk dare. Tudun da igiya ke fashewa a kansa ba irin na cikin rafi ba ne, wanda ya kafe a nan ɗaga shi za a riƙa yi ana bugawa da ƙasa. Don haka rarar da muke bari ta tashi daga rabin mita zuwa mita 2.

Poyilan tana kudu da mu, inda koren kunkurun teku ke yin ƙwai fiye da ko'ina a Afirka. Lokacinsu damina ne zuwa Nuwamba, tsibirin kuma na tsarki ne ga mutanen Kanyabake, ba a sauka sai da izini. Ba mu nema ba, ba za mu je ba.

Na kwashe yinin ina mayar da awon da na tara zuwa ma'auni ɗaya, wato in cire tsayin ruwan sa'ar daga kowane zurfi. A manyan mashigai taswira ta yi daidai. A bakin rafuka da wutsiyar tuddai kuwa akwai inda ta kauce da mita 300. Ranar Litinin za mu koma Bubake mu ɗebi ruwan sha da gas. Sabon wata 9 ga Fabrairu ne, muna son mu kasance a bakin tsibirin Karabela tun ranar 6, mu duba ƙofarta a janyewar ruwa kafin mu shiga.